Kada Takarda Ta Raba Mai Jego Da Maganinta

Daga ranar 1 ga Janairun 2027 wasu sababbin ƙa'idoji za su hau kan Medicaid, inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke yi wa marasa ƙarfi. Duk wanda ke da 'ya ko ƙanwa ko mata ko maƙwabciya a can mai ciki ko mai goyo, wadda ke karɓar maganin rabuwa da ƙwaya, ya kamata ya riƙe wannan rana tun yanzu. Abin da ke ba ni tsoro ƙaramin abu ne a ido: wasiƙa ɗaya da za ta tafi tsohon adireshi, fom ɗaya da ba a mayar a kan lokaci ba, sai a rufe inshora, magani ya yanke. Mai ciwon gwiwa idan maganinsa ya yanke na mako biyu zai sha wuya ya warware. Macen da ke kan maganin jarabar fentanil kuwa, mako biyun nan ya isa a yi mata sutura.

Mu mun san darajar mai jego. Tun ciki yana wata bakwai ake shirin tafiya goyon ciki, in ta sauka kuma ga ruwan wanka safe da yamma, ga kunun kanwa, ga tsohuwa a ɗaki tana karɓar jariri don uwar ta runtsa. Ana yin suna, ana cika arba'in, a yi mata kitso da lalle ta koma ɗakinta, daga nan kowa ya kama gabansa, a zuwan an ƙetare siraɗi. Dokar Amurka ma a kan irin wannan zato aka gina ta. Medicaid, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, ita ke biyan kuɗin haihuwa kusan huɗu cikin kowace goma a ƙasar. Amma shekara da shekaru abin da dokar tarayya ta wajabta wa matar da ta shiga inshorar saboda ciki shi ne a kula da ita har kwana 60 bayan haihuwa. Jaririn da ta haifa yana da inshorar shekara guda cur ba tare da an cika masa wani fom ba. Ita kuwa uwar, wata biyu ne rabonta.

Sai da aka koma aka bi sawun matan da suka mutu sannan aka ga girman kuskuren. A jihar Massachusetts, wata likitar yara mai suna Davida Schiff da abokan aikinta sun bi bayanan matan da suka haihu suna fama da jarabar ƙwayoyi dangin ofiyom, wato su heroyin da fentanil da magungunan kashe zafi masu ƙarfi, dangin tiramol da kodin da muka sani. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna cewa lokacin da mace ta fi tsira daga ƙwaya ta yi mata yawa shi ne watanni ukun ƙarshe na ciki, lokacin da ta fi shiga haɗari kuma shi ne tsakanin wata na 7 da na 12 bayan haihuwa. A 2022 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta tattara rahotannin kwamitocin binciken mutuwar mata masu juna biyu na jihohi 36, daga 2017 zuwa 2019. Fiye da rabin mace-macen sun auku ne tsakanin mako guda da shekara guda bayan haihuwa. Abin da ya fi kowane sanadi yawa, kusan kashi 23 cikin 100, shi ne larurar ƙwaƙwalwa, wadda ta haɗa da kashe kai da mutuwa ta hanyar ƙwaya. Zubar jini ma a bayansa yake. Kwamitocin suka ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mace-macen ana iya kauce musu. A ƙarshen 2022 masu bincike a Jami'ar Columbia suka ƙirga mata 1,249 masu ciki ko masu jego da ƙwaya ta kashe tsakanin 2017 da 2020, kuma yawan mutuwar ya ƙaru da kusan kashi 81 cikin 100 a waɗannan shekaru huɗu.

Me ya sa sai bayan an sauka lafiya? Wanda ya taɓa zama da mai goyo ba zai sha wahalar ganewa ba. Lokacin ciki tana zuwa awo, ana ganinta, ana tambayarta, ita ma tana da abin da take tattali a cikinta, kuma mata da yawa a wannan lokaci ne suke fara neman magani da gaske a karo na farko a rayuwarsu. Bayan haihuwa hankalin kowa ya koma kan jariri. Barci ya ƙaurace, kuɗin haya yana jira, baƙin cikin bayan haihuwa yana iya sauka, ga fargabar jami'an kula da yara da ke iya ƙwanƙwasa ƙofa. Duk wannan nauyi yana hawa kanta a daidai lokacin da asibiti ya rage nemanta.

Akwai kuma wani abu a jikin ɗan Adam da ya kamata kowane dangi ya fahimta, domin shi ne ke kisa. Wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi jikinsa yakan saba, har ya riƙa ɗaukar adadin da zai kashe wanda bai saba ba. Idan ya daina na ɗan lokaci, sabon yakan zube da sauri, amma ƙishirwar ƙwayar tana nan. Ranar da ya koma, sai ya ɗauki adadin da ya sani a da, jikin kuwa ya riga ya manta. Ƙwayar ta danne wurin da ke sarrafa numfashi a ƙwaƙwalwa, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya. A yau kuma abin da ake sayarwa a titunan Amurka cike yake da fentanil, wanda ya ninka heroyin ƙarfi har kusan sau 50, kuma ana buga shi a siffar ƙwayoyin asibiti yadda ido ba zai bambance ba. Matar da ta yi wata tara tana kiyaye kanta ta fi wadda ba ta taɓa dainawa ba shiga haɗari a daren da ta zame. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a cikin lamarin gaba ɗaya.

Abin da ke tsare ta daga wannan dare magani ne iri biyu, metadon da bufrenofin. Dukansu suna zama a wurin da ƙwayar ke zama a ƙwaƙwalwa, su kwantar da ƙishirwa da ciwon yankewa, mutum ya iya tashi ya yi wanka ya je aiki ya yi renon ɗansa ba tare da maye ba. Wani bincike da aka yi a Massachusetts kan mutanen da suka tsallake rijiya da baya bayan ƙwaya ta yi musu yawa ya gano cewa waɗanda aka ɗora a kan metadon mutuwarsu ta hanyar ƙwaya ta ragu da kashi 59 cikin 100, masu bufrenofin kuma da kashi 38. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta daɗe da tsayawa a kan cewa mai ciki ta ci gaba da ɗayan biyun nan, kada a ce sai ta yanke komai, domin yawancin masu yankewa komawa suke yi, kuma ciwon yankewar da kansa yana wahalar da abin da ke cikin.

A nan ina da magana da iyaye da mazaje da surukai, domin na san abin da zuciya ke raya wa mutum. Za a ce ai musanya ƙwaya aka yi da ƙwaya, za a ce tunda ta haihu ta yi ta maza ta bar shi, za a ce nono zai lalace. Don Allah kada a matsa mata. Likitoci suna ƙarfafa wa matar da ta daidaita a kan metadon ko bufrenofin gwiwa ta shayar, in dai ba ta haɗa da wata ƙwaya kuma babu wata cuta da ta hana, domin abin da ke bi ta nono kaɗan ne ƙwarai. Gaskiya ne jaririn yana iya zuwa da alamun yankewar magani a kwanakin farko, kuka mai tsanani da karkarwa da ƙin barci da ƙin kama nono. Abu ne da ake sa ran gani, ana kuma magance shi. Gwajin da Hendrée Jones ta jagoranta, wanda ya fito a 2010, ya nuna jariran matan da ke kan bufrenofin sun yi kimanin kwana 10 a asibiti, na masu metadon kimanin kwana 17. Daga baya wani asibitin yara a New Haven ya ɓullo da wata hanya mai sauƙi, wadda ke duba abu uku kawai: yana cin abinci, yana barci, yana rarrasuwa? Aka bar jariri a jikin uwarsa a ɗaki mai shiru, aka mai da ita maganin farko. Da aka gwada hanyar a asibitoci 26, sakamakon 2023 ya nuna jariran sun isa sallama kusan mako guda kafin waɗanda aka bi da su ta tsohuwar hanya. Kakanninmu da ke cewa a bar yaro a ƙirjin uwarsa ba za su yi mamaki ba. Abin lura shi ne lafiyar jaririn ta rataya a kan uwa mai natsuwa, natsuwarta kuma ta rataya a kan maganin da take sha kowace safiya.

Wa ke biyan kuɗin maganin? A mafi yawan lokuta Medicaid. Fiye da kashi 80 cikin 100 na jariran da ake haifa da alamun yankewar ƙwaya a ƙarƙashinta ake haifarsu. Ita ke biyan likita, da gwaji, da mai ba da shawara, har da motar zuwa asibiti, wadda ba ƙaramin abu ba ce ga mai metadon, tunda ba a sayar da shi a kantin magani don wannan larura, sai an je cibiya ta musamman, da farko ma kusan kullum. Ko da inshorar a hannu samun gurbi aiki ne. A wani bincike da Stephen Patrick na Jami'ar Vanderbilt ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, an sa mata sun yi ta buga waya ga masu ba da bufrenofin a jihohi 10 suna neman a ba su rana. Waɗanda suka ce ba su da ciki kusan kashi 74 cikin 100 sun samu, waɗanda suka ce suna da ciki kashi 61. Wadda ta sha wannan wahala ta samu gurbi, idan inshora ta yanke ta rasa shi, ba lallai ta same shi yana jiranta ba ranar da takardunta suka daidaita.

A yi adalci, an samu ci gaba na gaske a 'yan shekarun nan, kuma saninsa ne ke sa mutum ya ji ciwon abin da ake shirin ɓatawa. Dokar 2018 ta yaƙi da annobar ƙwaya ta tilasta wa Medicaid a kowace jiha biyan kuɗin waɗannan magunguna daga Oktoban 2020. A ƙarshen 2022 aka soke izini na musamman da likita ke buƙata kafin ya rubuta bufrenofin. Illinois ta zama jiha ta farko da aka amince wa ta tsawaita inshorar mai jego zuwa shekara guda, a Afrilun 2021, sannan daga Afrilun 2022 aka buɗe wa kowace jiha wannan ƙofa. Jihohin 'yan Democrat da na 'yan Republican duk suka shiga, har Texas ta fara a Maris na 2024. Zuwa tsakiyar 2025 Arkansas da Wisconsin ne kawai suka rage. Mutuwa ta hanyar ƙwaya a ƙasar baki ɗaya, wadda ta haura 100,000 a shekara daga 2021 zuwa 2023, ta sauko zuwa kimanin 80,000 a 2024.

Sai ga dokar haraji da kasafi da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya ƙiyasta cewa za ta rage kuɗin da tarayya ke zubawa a Medicaid da kimanin dala biliyan 900 cikin shekara 10, kuma zuwa 2034 za a samu ƙarin mutum miliyan 10 marasa inshora. Manya 'yan shekara 19 zuwa 64 da suka shiga Medicaid ta ƙofar da dokar Obama ta buɗe wa masu ƙaramin albashi dole su nuna suna aiki ko karatu ko hidimar al'umma na awa 80 a wata, kuma za a riƙa sake tantance su kowane wata shida maimakon shekara. Masu goyon bayan dokar za su ce, kuma gaskiya suka faɗa, an keɓe mai ciki, an keɓe mai jego da ke cikin wa'adin inshorarta, an keɓe iyayen yara 'yan shekara 13 zuwa ƙasa, an keɓe masu larurar ƙwaya da waɗanda ke cikin shirin magani. Dokar ta kuma umarci jihohi su fara duba bayanan da ke hannunsu kafin su nemi takarda daga mutum. A rubuce, matar da nake magana a kanta tana da kariya ta fuska uku ko huɗu.

Ban yarda wannan ya isa ba, kuma dalilina abin da ya riga ya faru ne. A 2018 Arkansas ta gwada sharaɗin aiki, da irin waɗannan keɓe-keɓe. Cikin watanni kaɗan mutum fiye da 18,000 suka rasa inshora, kafin wani alƙalin tarayya ya dakatar da shirin a Maris na 2019. Masu bincike daga Harvard ƙarƙashin Benjamin Sommers suka gano cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda sharaɗin ya shafa ko dai suna aikin ko kuma suna cikin waɗanda aka keɓe, kuma yawan masu aiki bai ƙaru ba. Mutane sun faɗi ne a wajen kai rahoto, wasu ma ba su ji labarin dokar ba sai a gaban mai sayar da magani. Haka kuma daga Afrilun 2023, da aka dawo da tantancewar da aka dakatar lokacin korona, an cire mutum fiye da miliyan 25 daga Medicaid, kusan bakwai cikin goma kuma saboda matsalar takarda, ba tare da an tabbatar sun daina cancanta ba. To wa ya fi saurin ɓatar da wasiƙa? Matar da ke kwana yau a gidan ƙawa gobe a masaukin marasa gida, wadda layin wayarta ke yankewa in kuɗi ya ƙare, wadda ke da jariri a hannu kuma ba ta yi barcin awa uku a jere ba tun watan jiya. Siffar wadda aka ce an keɓe ke nan.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ina hango tsaga a wurare da dama. Ta farko tana farkon ciki. Mace tana kan bufrenofin, tana cikin rukunin manya da ake tantancewa kowane wata shida, ta samu ciki ba ta sani ba ko ba ta kai ga sanar da ofis ba, fom ya kuɓuce mata, aka rufe. Za ta iya sake shiga a matsayin mai ciki, amma makonnin da ke tsakani babu magani. A da, Medicaid tana iya biyan kuɗin asibitin da aka ci bashi har wata uku kafin ranar neman shiga. Sabuwar dokar ta rage shi zuwa wata ɗaya ga wannan rukuni, wata biyu ga sauran.

Ta biyu tana wata na 13. Shekara ta cika, inshorar jego ta ƙare, jaraba kuwa ba ta san kalanda ba. A jihohi 40 da suka faɗaɗa Medicaid ta ƙofar dokar Obama tana iya komawa rukunin da ake yawan tantancewa. A jihohi 10 da ba su faɗaɗa ba, irin su Texas da Florida da Alabama, uwa sai ta kasance cikin matsanancin talauci kafin ta cancanta, har aikin 'yan awoyi a mako yana iya fitar da ita.

Ta uku ita ce ta fi muni, kuma ba a cika maganarta ba. Idan hukumar kula da yara ta karɓe jaririn, ko na ɗan lokaci ne, uwar tana iya fita daga rukunin iyaye, domin wannan rukuni na wadda yaro ke zaune tare da ita ne. Kotu za ta ce mata sai ta nuna tana kan magani kafin a mayar mata da ɗanta, alhali rashin ɗan yana iya zama sanadin rasa abin biyan maganin. Hanyar da ta rage mata ita ce ta tabbatar wa gwamnati a rubuce cewa tana da larurar ƙwaya. Duk wanda ya san tarihin ƙasar ya san abin da ya sa hannunta zai yi rawa. A Charleston ta South Carolina wani asibitin gwamnati ya riƙa gwada fitsarin masu ciki yana miƙa sakamakon ga 'yan sanda, har sai da Kotun Ƙoli ta haramta hakan a 2001. Kotun ƙolin Alabama ta yanke a 2013 cewa dokar da aka yi don kare yara daga gidajen dafa ƙwaya ta shafi ɗan tayi ma, aka gurfanar da mata da yawa a kanta. Tennessee ta yi doka a 2014 da ke ba da damar tuhumar mace da laifin cin zarafi idan ta haifi jariri da alamun ƙwaya, aka bar dokar ta mutu a 2016 bayan likitoci sun yi ta kukan cewa mata suna gudun awo. Wani bincike na 2019 ya nuna jihohin da suka ɗauki hanyar hukunci sun ga ƙaruwar jarirai masu alamun yankewa. Matar da ta girma tana jin waɗannan labarai, ka ce ta rubuta sirrinta a fom ta aika ofishin gwamnati, da yawa za su zaɓi yin shiru su rasa inshorar.

Akwai kuma abin da ke zuwa a hankali. Shekara gudan nan ta mai jego zaɓi ne da aka bai wa jihohi, abin da tarayya ta wajabta har yanzu kwana 60 ne. Jihohi kusan duka doka ta hana su kasafin da ke da giɓi. Idan kuɗin tarayya ya ragu, abin da ba wajibi ba shi ake fara dubawa, tare da kuɗin da ake biyan likitoci da cibiyoyin magani. A ganina a nan ne za a yi babbar kokawa a majalisun jihohi, kuma mata masu jaraba ba su da masu kare su da yawa a irin waɗannan zauruka.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Bronx da sauran biranen Amurka, 'yan Najeriya da Nijar da zangon Ghana, akwai ƙarin abin da ya shafe ku. Daga Oktoban 2026 dokar ta taƙaita baƙin da tarayya ke biya wa Medicaid, har 'yan gudun hijira da masu mafakar siyasa da ba su kai ga samun katin zama na dindindin ba suna cikin waɗanda abin zai taɓa. Jihohi da yawa suna da tanadi na daban ga masu ciki da ke zaune bisa ƙa'ida, don haka kowa ya tambayi yadda abin yake a jiharsa, kada ya yanke wa kansa hukunci ya zauna a gida. Kada kuma mu ce wannan cuta ta wasu ce. Yaran da aka haifa a can suna makaranta ɗaya da titi ɗaya da kowa, kuma da yawa jarabar ta kama su ne ta ƙwayar kashe zafi bayan tiyata ko haɗari. Mun san halinmu na rufa asiri. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya mace ce, amma a cikin masu karɓar magani mace ɗaya ce cikin 20. Kunyar da ke hana 'yar Kano zuwa asibiti tana shiga jirgi tare da mu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, a tabbatar an san sunan inshorar, domin jihohi suna laƙaba mata sunaye nasu, Medi-Cal a California, TennCare a Tennessee, MassHealth a Massachusetts, kuma mutane da yawa suna jin labarin Medicaid suna zaton ba da su ake ba. A gyara adireshi da lambar waya a ofishin jiha yau, a kuma sa sunan wani amintacce a matsayin wakili don wasiƙa ta riƙa zuwa masa shi ma. Da zarar ciki ya tabbata a sanar da ofis, domin wannan sanarwa ce ke mai da ita rukunin da ke da kariya. A nemi ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibiti ko na cibiyar magani ya taimaka da takardar keɓewa tun kafin a nema, a ajiye kwafin komai. Idan wasiƙar rufewa ta zo, tana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, kuma in ta nema kafin ranar da rufewar za ta fara aiki, a ƙa'ida inshorar tana ci gaba har a saurare ta. In an riga an rufe saboda fom, akwai kwana 90 da za a iya mayar da shi a sake duba lamarin ba tare da an fara daga tushe ba. A ranar da aka ji an rufe, a ranar za a gaya wa likita ko cibiyar metadon, domin da yawa suna da hanyar riƙe mutum na ɗan lokaci, musamman mai ciki, wadda doka ta sa a gaba a layi a cibiyoyin da ke karɓar tallafin tarayya. Akwai kuma layin kyauta na ƙasa don iyaye mata masu damuwa, 1-833-852-6262, dare da rana.

A ajiye Narcan, maganin fesawa a hanci da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa, a gida, inda kowa ya san wurinsa. Tun 2023 ana sayar da shi ba tare da takardar likita ba, wurare da yawa kuma kyauta suke rabawa. Idan an same ta ba ta farkawa, numfashi yana ja da ƙyar ko tana wani irin munshari, leɓe ya sauya launi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, a fesa mata a hanci ɗaya, a kira 911, in ba ta motsa ba bayan minti biyu zuwa uku a fesa na biyu a ɗaya hancin. Ko tana da ciki a ba ta. Ko ta farfaɗo kada a bar ta ita kaɗai, domin ƙarfinsa yana iya ƙarewa kafin na ƙwayar. Maganinta na kullum kuma a kulle shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Dangin da suka cika gida ranar suna su raba watannin da ke gaba a tsakaninsu, wannan ta ɗauki na bakwai, waccan na takwas, har shekara ta zagayo, a je a karɓi yaron ta yi barci, a raka ta cibiya in ranar ta ce. Wanda ya ɗauki wata na 11 shi ne zai zauna da ita su buga wa ofishin Medicaid waya, su ji a wane rukuni za ta faɗa in shekarar ta cika, da takardun da za a nema.